Gidan Babanmu Ba Ya Zafi

Idan mutum ya tambaye ni aikina, sai na fara jan numfashi, domin na san za a daɗe. Ba na zana gida, ba na gina gida, ba na kuma dillancinsa. Gidan da ke tsaye nake ɗauka in sake gina shi a cikin kwamfuta, da bangonsa da kwanonsa da tagoginsa, sannan in sakar masa rana da iska na shekara guda, in ga ta inda zafi yake shiga da inda yake maƙalewa. Daga nan sai in ce a toshe nan, a buɗe can, gida zai yi sanyi ba tare da an kwana ana kunna na'urar sanyaya ɗaki ba. Ranar da na yi wa Yayana wannan bayani, sai da ya bari na kai ƙarshe sannan ya ce, "Wato dai ke injiniyar iska ce." Har yau sunan bai sake ni ba.

Wata cibiyar bincike ce ta ɗauke ni aikin wucin gadi na shekara biyu. Mu biyu aka ɗauka, kujerar dindindin kuwa ɗaya ce tak. Wanda aikinsa ya gamsar da kwamiti shi zai zauna, ɗayan ya kama gabansa. Ina son kujerar nan, ba zan ɓoye ba. Na ci wuyar karatu, na gaji da zaman jiran tsammani, kuma ina son aikin har cikin raina.

Abokin karawata muna kiransa Ɗan Gayu, saboda ko ranar hawa rufin gini da farar riga yake zuwa, kuma da farar riga yake komawa, don bai taɓa hawa ba. Shi ya zaɓi ya yi bincikensa a kan wani dogon benen ofisoshi da ko harsashinsa ba a haƙa ba. Ni kuwa, da yake ina ji da kaina, na miƙe a taro na ce gida na gaske nake so, mai mutane a ciki. In auna zafinsa bazara guda, in gyara shi, in sake aunawa wata bazarar, kowa ya ga bambanci da idonsa. Farfesa, shugaban sashenmu, ya gyaɗa kai ya ce ai wannan shi ne bincike. Ɗan Gayu ya yi murmushi ya ce Allah ya ba da sa'a. A lokacin na ɗauka hassada ce.

Neman gida bai ba ni wahala ba, domin a cikinsa aka haife ni. Babanmu, Allah ya jiƙansa, tela ne, kuma shi da kansa ya tsara gidan. Ɗaki uku da falo, ginin bulo, kwano a sama, siririn silin a ƙarƙashinsa. Sannan ya tsaga wata ƙatuwar taga a falo tana kallon yamma, wai don ya riƙa ganin mai shigowa tun daga ƙofa. Mai shigowa na farko kullum ita ce rana. Ina yarinya na taɓa ganin kyandir ya lanƙwasa a kan kabad ba tare da an kunna shi ba. Umma ita kaɗai ce ta rage a gidan, Yaya yana leƙo ta kullum da rana daga shagonsa. Da bazara ba ta iya barcin rana. Zama take yi a ƙasa a bakin banɗaki, da jiƙaƙƙen tawul a wuya, ga hawan jini. Amma da baƙo zai yi suɓutar baki ya ce gidan nan da zafi, nan take za ta ce, "Yau ne kawai." Shekara talatin ana yau ne kawai.

Na same ta tana ninke kaya na ce, "Umma, ofishinmu za su gyara mana gida, ba ko sisinmu. Amma sai an fara manna wasu 'yan na'urori a bango su auna yanayin ɗakuna."

"Su auna su kai wa wa?"

"Farfesa da kwamiti. In Allah ya yarda har a buga a mujalla, duniya ta gani." Da alfahari na faɗi wannan, ina ɗaga kai.

"Duniya ta ga me?"

A nan ne ya kamata in ce mata, duniya ta ga gidan nan tanda ne, kuma iya zafin da na'ura ta rubuta iya kyawun aikina. To wa zai kalli idon Umma, ga hoton Baba a bango a bayanta, ya faɗi haka? Sai na ce, "Ta ga yadda gidan yake, da yadda za a ƙara masa kyau."

Ta shafa wuyan wata riga da tafin hannu. Can ta ce, "To. Allah ya yi albarka, Auta." Ni kuma na rubuta a rahotona cewa mai gida ta fahimci manufar binciken, ta kuma amince.

Na'urorin guda huɗu ne, kowace ba ta wuce kwalin ashana ba. Ba sa nuna komai a jikinsu, a ciki suke tara abin da suka auna. Farfesa kuma yana da doka da yake alfahari da ita fiye da digirinsa: ba a buɗe su sai an gama aiki gaba ɗaya. Shi da hannunsa yake manna musu hatimi. Cewa yake mai bincike ɗan Adam ne, da ya leƙa sakamako a tsakiyar hanya zai fara lanƙwasa lissafinsa don ya dace. Dokar tana da kyau, wallahi har yau ban ga laifinta ba. Na manna ɗaya a falo, uku a ɗakuna, na koma bakin aiki.

A cikin kwamfutata Umma tana nan ita ma, sunanta Mazauni Na Ɗaya. Mazauni Na Ɗaya mutumiyar kirki ce. Tana fitar da ɗumi gwargwadon na ƙwan lantarki, ta tashi da safe ta buɗe taga, ta zauna a falo, ta rufe taga da yamma, ta kwanta. Ba ta da miji da ya rasu, ba ta da maƙwabta, ba ta jin kunyar kowa. Da ita na yi lissafina, lissafin kuma ya ce falon Umma yana kai maki talatin da takwas da tsakar rana, bayan gyara zai sauko talatin.

Duk ƙarshen mako ina zuwa gida, kuma da yake ni 'yar tarbiyya ce, sai na buga waya kafin in taso. Kullum ina tarar da na'urori a inda na bar su, an goge su tas. Abu ɗaya na lura da shi: fentin bangon da ke ƙarƙashin kowace ɗaya ya fara kumbura yana ɓarewa. Na tsaya na ƙare masa kallo irin na masana, na ƙwanƙwasa bangon, na rubuta cewa danshi na tasowa daga ƙasa. Har na sa aka ware kuɗin maganinsa.

Da bazara ta wuce muka shiga gyara. Na hau kwano da kaina muka shafe shi da farin fenti mai mayar da hasken rana. Muka shimfiɗa soso mai kauri a saman silin, muka huda ƙananan kafofi can sama a bango don iska mai zafi ta samu hanyar fita, muka kafa wa tagar Baba rumfa ta katako. Tagar kam ban taɓa ta ba, na san iyakata. Na yi baƙi, na rame, tafin hannuna ya yi kanta. Umma tana zaune a tsakar gida tana faɗa wa maƙwabta, "Auta ce ke ƙawata gidan. Ba wani abu ya same shi ba."

Bazara ta biyu ta zo da zafin da ya fi na bara, ma'aikatar yanayi ma ta tabbatar. Ranar da na shiga falon da tsakar rana na ji iska ta taɓa min wuya. Ban buƙaci na'ura ta gaya min ba. Na tsaya a wurin hawaye na neman zubo min, ina ce wa kaina kujera ta zama tawa.

A ofishin Farfesa aka ɓalle hatimi. Ginin cibiyarmu, cibiyar binciken gine-gine masu tattalin makamashi, gilashi ne tun daga sama har ƙasa, don haka na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, Farfesa kuma da kwat yake zama. Muka jona na'urorin da kwamfuta, zane ya fito a allo, layi biyu. Na bayan gyara yana yawo a wajen maki talatin, daidai da lissafina, kamar ni na zana shi da hannu. Na kafin gyara kuwa yana kwance a ashirin da biyar. Ɗaki huɗu, duk haka.

Abin da allon yake faɗa shi ne na kwashe shekara biyu da kuɗin cibiya na ƙara wa gidan uwata zafi da maki biyar.

Na jira faɗa. Farfesa ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya matso har hancinsa na neman taɓa allo.

"Wa ya gina gidan nan?"

"Mahaifina ne, ranka ya daɗe."

"Injiniya ne?"

"Tela ne."

"Tela!" Ya buga tebur, bakinsa har kunne. "Gidan bulo da kwano, ba na'ura, yana riƙe ashirin da biyar a tsakiyar bazara? Kin san abin da kika tono? Manta da gyaran nan naki. A kan wannan layin za ki yi rubutu. Hikimar magina na gargajiya, wadda mu 'yan boko muka raina. Ki kawo min wannan gaban kwamiti, ni na san wanda zai zauna a kujerar nan." Sannan ya ƙara da cewa, "Abin takaici kawai shi ne kin lalata shi."

Na nufi gida, ban buga waya ba a wannan karon. Na tarar da Umma da Yaya a falo suna shan shayi. Ko zama ban yi ba na ajiye na'urorin a kan tebur na ce, "Umma, don Allah me ya faru da abubuwan nan bara?"

Yaya ya kalli na'urorin, ya kalle ni, shayi ya sarƙe shi. Dariya yake yana tari yana buga ƙirji. "Majinyatan Umma ne aka sallamo?"

"Wane irin majinyata?"

"Ke dai ba ki ga hidima ba! Da rana ta ɗaga sai a jiƙa tawul a lulluɓe kowace, a juya mata fanka. In ya bushe a sake jiƙawa. Daga wannan ɗaki zuwa wancan, kamar nas a asibiti. Ni aka aika na sayo ƙarin fankoki biyu. Ta falo kuwa, fankar Umma ta kanta aka ba ta."

Na juya na kalli bango, inda na kashe kuɗin cibiya ina maganin danshin da ke tasowa daga ƙasa.

"Umma, fankarki kika ba ta? Ke kuma fa?"

"Ni ai na saba." Ko a jikinta. Ta kurɓi shayi.

"Umma, kin kashe ni! Zafin nake nema! Zafin shi ne aikin! In babu zafi a farko, me zan ce na gyara?"

Ta ajiye kofi. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta ɗagawa. "Ke kika ce duniya za ta gani. Mutum ya kwanta dama, ba ya nan balle ya kare kansa. Ya tara kuɗin ɗinki kwabo-kwabo ya rufa mana asiri. Sai in zauna ina kallo wani kwalin ashana ya je gaban manyan mutane ya ce bai iya gina wa iyalinsa gida ba? Ba da ni ba."

Haushi nake ji kamar in fashe, kuma tausayinta ya kama ni. Mace mai hawan jini ta kwashe bazara guda a cikin tanda tana yi wa roba fifita.

"To bana me ya sa kika daina?"

"Bana ai ba zafi," in ji ta. "Allah ya kawo sauƙi. Me zan wahalar da kaina?"

Yaya ya sake fashewa da dariya. Ga shaidar da nake nema shekara biyu, daga bakin Mazauni Na Ɗaya, kuma ta miƙa wa yanayi ladan.

Da na gaya mata abin da Farfesa ya ce game da Baba, fuskarta ta yi haske irin wanda na daɗe ban gani ba. "To shi kenan mana! Yabo ya yi, ke kuma ki samu aikinki. Me ya rage?"

Ɗan Gayu ma haka ya ce da na ba shi labari a bakin injin shayi na ofis, kuma tsakani da Allah ba mugunta ba ce, domin shi ne zai ci riba in na faɗi gaskiya. "Ke kika ƙirƙiri lambobin? Na'ura ce ta rubuta, da hatimin Farfesa a jikinta. Ki yi shiru ki karɓi abinki." Sannan ya gyara hannun farar rigarsa ya ce, "Shi ya sa ni ba na harka da gidan da ke da mutane."

Na yi tunanin yin shirun, ba zan yi ƙarya ba. Har na buɗe sabon shafi na rubuta taken rahoton. Abin da ya hana ni shi ne Farfesa ya kira ni ya nuna min zanen gidanmu da ya sa aka fitar da girma, ya zagaye tagar yamma da jan biro. Wai yana zargin sirrin a nan yake. Yana so a fitar da ɗan littafin jagora ga masu ƙaramin ƙarfi, su riƙa gina irinsa. Na hango layi guda na gidaje masu ƙatuwar taga a yamma, a kowane gida wata tsohuwa a zaune a bakin banɗaki da tawul a wuya.

Ranar kwamiti na tsaya na faɗi komai, da tawul da fanka da duk abin da ya biyo baya. Na nuna musu cewa lissafina na bayan gyara ya yi daidai, kuma in haka ne na kafin gyara ma akwai alamar daidai ne. Wata daga cikinsu ta rufe baki da takarda, kafaɗunta na rawa. Wani dattijo ya tambaye ni, da gaske ba da wasa ba, ko tsarin bincikena ya tanadi wani mataki game da mahaifiya. Farfesa ya sha mur yana kallon silin, domin ashe ya riga ya ba abokansa na wasu jami'o'i labarin telan da ya fi injiniyoyi.

Hukuncinsu ba zalunci a ciki, shi ne abin haushin. Alama ba shaida ba ce. Babu awon farko, babu abin kwatantawa, kuma ba za a iya sake aunawa ba tunda na riga na gyara gidan. Suka yaba min gaskiyata sosai, har aka sa a rubuce. Kujera kuma aka ba Ɗan Gayu, wanda benensa ya rage shan wuta da kashi arba'in cikin ɗari. Har yau wurin fili ne, ana ajiye motoci.

Na kwashe kayana a kwali na nufi gida da tsakar rana, lokacin da ko kare ba ya fitowa titi. Na yi sallama ba a amsa ba. Na wuce bakin banɗaki da sauri, ba ta nan. A falo na same ta, a miƙe a kan doguwar kujera a ƙarƙashin tagar Baba, tana barci har da ɗan minshari. Fanka tana gefe a kashe. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Umma tana barci a wannan falo da rana ba.

Na ajiye kwalin a hankali na zauna a ƙasa ina kallonta. Wannan shi ne sakamakon bincikena gaba ɗaya, kuma babu mujallar da za ta buga shi.

Can ta buɗe ido. Ta kalli kwalin, ta kalle ni.

"Sun ba ki?"

"Ba su ba ni ba, Umma."

Ta miƙo hannu ta dafa kaina, ta daɗe ba ta ɗauke ba. "Wani na nan tafe, in sha Allahu." Sannan, a hankali, kamar mai tsoron amsar, ta ce, "Gidan fa? Me suka ce game da gidan Babanku?"

Na kalli hoton da ke bango. "Farfesa ya ce bai taɓa ganin irinsa ba."

"Ai na gaya miki," in ji ta, ta gyara kwanciya ta lumshe ido. "Gidan nan ba ya zafi. Miƙo min zanen can in rufe ƙafata, sanyi nake ji."

Na tashi na ɗauko zanen na lulluɓe mata ƙafa.